Wuyan Auta

A asibitin da take aiki babu mai kiranta da sunanta, sai Uwar Barci. Shekara ashirin da shida tana taya likitoci sa wa mutane maganin barci kafin tiyata. Aikin yana da wani lungu da marasa lafiya ba su sani ba: da mutum ya yi barci sai numfashinsa ya koma hannun wasu, dole a zura masa bututu a maƙogwaro. Wani maƙogwaron a buɗe yake. Wani kuwa ya ɓuya, a yi ta lalube, iska na ƙarewa.

Ita da yatsu uku take gane mai wahalar. Ta ɗora su ƙarƙashin haɓa, ta ce a buɗe baki, a ɗaga kai, shi ke nan ta yanke hukunci. Ba ta cika kuskure ba, kuma ba ta gajiya da faɗin hakan.

Da aka kawo kwamfutar hannu mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke ɗaukar hoton fuska ta gaba da ta gefe ta faɗi ko bututu zai yi gardama, Uwar Barci ta taɓe baki. Ta ce abin da ko numfashi ba ya yi, ina ya san zafin rashinsa?

Ana nan sai ƙaninta Auta, mai walda, ya zo a yi masa aikin ƙaba. Doka ta hana ta shiga aikin ɗan'uwanta, amma ba ta hana ta baki ba. Tana tsaye likitar barci ta ɗauki hotunansa, shi kuma yana ta gwalo wai ya fito da kyau. Allon ya kawo ja, alamar bututu zai yi gardama.

"Likita, rabu da abin nan," in ji ta. "Ni na goya shi. Na san wuyan nan tun bai iya riƙe kai ba."

Likitar ta ce, "Kin auna shi, Yaya?"

Ba ta auna ba. Fuskar da ka yi shekara arba'in kana gani, ba ka ƙara dubanta. Ta miƙa yatsu cikin gemunsa, biyu kawai suka shiga. Haɓar gajeriya ce, gemu ya rufa mata asiri.

Likita ta ɗage aikin awa biyu, ta aika aka ɗauko madubin leƙa maƙogwaro mai kyamara daga wani ɓangaren asibitin, ta kira wani likitan ya tsaya kusa.

A ranar ne Uwar Barci ta san taurin bencin da ke ƙofar ɗakin tiyata. Ta sha wuce mutane a kansa tana cewa su kwantar da hankali, sai ga shi nata ya ƙi kwanciya.

Likita ta fito tana cire hula. "An gama lafiya. Amma da kayan kullum muka shiga, Yaya, da ban ga komai ba. Sai a karo na biyu bututun ya wuce."

Ta gode wa Allah, ta gode wa likita, ta ce wa kwamfutar ma sannu da aiki, ko kunya ba ta ji ba.

Da Auta ya farka, murya a dishe, ta nemi kati ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa maƙogwaronsa na da wahalar bututu. Ta cusa masa a jakar aljihu, bayan lasisin tuƙi.

"Yaya, ai kina nan, me zan yi da takarda?"

"Yau ma ina nan, kuma na so in kai ka lahira da bakina. Ko ina raye ko ba na raye, duk asibitin da ka shiga, wannan za ka fara nuna musu."