Inna Dudu, Wadda Ta Hana Matan Bakin Tafki Ɓoye Ciki

Mace ce, jama'a, lafiya lau, kukanta har gidan maƙwabta! Jiya anka raɗa mata Hawwa, sunan uwar mijina, wadda duk bakin tafkin nan anka sani da Inna Dudu. Dangina da sunka zo bikin suna daga Shanga sun dame ni da tambayar wace ce wagga mata da hawaye ke zubo mani in an ambace ta. To ga tarihinta nan, daga ni Laraba, matar ɗanta Jabiru, yadda na ji daga bakinta da bakin manya.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Hawwa Dudu a shekarar 1949 a Gungun Wakili, wani tsibiri cikin ƙasar Ngaski wanda yau yake ƙarƙashin ruwa. Mahaifinta Malam Sahabi manomin albasa ne, mahaifiyarta Aishatu mai bandar kifi. Ta yi karatun allo, boko kam ba ta taɓa ba. Shekarar da anka samu mulkin kai, tana 'yar sha ɗaya, ita kaɗai take tuƙa kwalekwale ta ƙetarar da albasar babanta gaɓa. Kowa yabonta guda ne: yarinya mai kunya.

Aure da Tashin Gari

A shekarar 1967 anka ɗaura mata aure da Shu'aibu masunci. Shekara na zagayowa anka toshe ruwa a Kainji, anka ce mutanen tsibirai su koma sababbin gidajen da anka gina masu wajen Wara.

A sannan Inna tana da cikin fari wata uku, ba wanda ya sani. Kun dai san al'adarmu, amarya ba ta faɗin cikin fari ko da wuƙa a wuya. Sai ta ƙara ɗaure zane. Mata masu ciki anka sa su jirgi, anka ba su abinci tun farko. Ita ko ta bi gaɓa da ƙafa, tukwanen uwar miji bisa kai. A sabon gari gonaki ba su kankama ba, hatsi ya yi wuya, amarya kuma ba ta ci gaban surukai, sai abin da ya saura a ƙwarya. Zazzaɓi mai zafi ya kama ta, ta ce ciwon kai ne. Yini take cikin hayaƙin banda, wani kifin ma da maganin ƙwari anka kashe shi. Ga baƙin cikin kabarin babanta da ruwa ya rufe.

Farkon 1969, ran wata Litinin, ta haifi Tanimu, ɗan ƙanƙane.

Lalurar Yaya Tanimu

Ya tashi yaro mai shiru, gwanin ɗinkin raga. A shekarar 1988 ya daina barci, ya fara jin muryoyin da ba mai ji sai shi. Wasu sunka ce iskokin tsohon gari ne sunka biyo shi, wasu sunka ce jinin gidan ne. Bayan magani iri-iri, Inna ta kai shi asibiti a Kaduna.

Can likita ya tambaye ta yadda ta yi goyon cikinsa, ta kwashe duka ta faɗa. Ya ce mata ba mai iya nuna dalili ɗaya ya ce shi ne, akwai gado, akwai abin da Allah kaɗai ya sani. Amma yunwa, zazzaɓi mai tsanani, tashin hankali da guba a lokacin ciki suna iya ƙara wa yaro haɗarin wanga ciwo in ya girma, ko da yake da yawa suna tsira. Ya ce kuma kada ta ɗora wa kanta laifi.

Tac ce mashi, "Ban ɗora wa kaina ba, likita. Kunya na ɗora wa."

Ranar ce ta fara kiran ɗanta na fari da sunansa, gaban mutane.

Aikinta a Bakin Tafki

Daga 1989 Inna ta ɗauki wani aiki da ba wanda ya sa ta. Duk gidan da anka kai amarya, bayan 'yan watanni sai ga ta da kwanon ɗanyar tarwaɗa, wai ta zo gaisuwa. Sai ta buɗe kwanon dab da hancin amarya. In yarinya ta kau da kai ta toshe baki, shi ke nan, Inna ta fito tsakar gida ta ɗaga murya: "Uwar gida, ɗiyarki na da ciki! A cire ta daga banda, ta ci kafin kowa, a rataya mata gidan sauro, gobe a kai ta awo!"

Da farko an zage ta. Anka sa mata Dudu Mai Fasa Ƙwai. Wata tsohuwa, Umma, ta taɓa korar ta da muciya tana cewa, "Ke tsohuwar banza, wa ya aike ki?" Inna tac ce, "Jikanki ya aiko ni, ya ce hayaƙi ya ishe shi." Tafiya ta yi tafiya, iyayen miji da kansu ke aikawa a kira ta, daga Wara har Yelwa. Masunta ma sun san in sunka zuba magani a ruwa, Inna za ta tsaya bakin kasuwa ta faɗi sunansu.

Ni da anka kawo ni gidan bara, 'yan garinmu cewa sunka yi na shiga gidan hauka, ɗana ma haka zai zama. Tsoron nan ya hana ni barci, na ɓoye nawa cikin. Kwano ɗaya ta buɗe, na zura bayan ɗaki. Ta bi ni tana dariya: "Ɗiyata, gobe ba hannuna take ba. Amma abin da ke hannuna, wallahi jikana ba zai rasa shi ba." Tun ranar ban ƙara kusantar banda ba, ƙwai da nono har sai da na gaji.

Rasuwarta

Allah ya yi mata rasuwa ranar Alhamis, cikin watan Sha'aban na wagga shekara ta 1996, bayan gajeriyar jinya, cikina na wata shida. Anka yi mata sutura a maƙabartar sabon gari, matan banda sunka kashe wutarsu yini guda. Ta bar mijinta Shu'aibu da ɗiya huɗu: Yaya Tanimu, wanda ke shan maganinsa shina ɗinkin raga, kuma shi ya riƙe jaririya jiya anka yi addu'a, sai Jabiru, da Cindo, da auta Aishatu. Allah ya jiƙanta, ya sa aljanna ce makomarta.

To yanzu ba mai yawo da kwano, ni kuma jego ya ɗaure ni a ɗaki. Jiya da anka kawo farfesun suna, da idona na ga Binta, amaryar gidan Muhammadu mai jirgi, ta toshe baki ta fita. Yau da safe an ce tana bakin banda. Binta, ki yafe mani, na fasa ƙwai. Duk wanda ya karanta wanga, don Allah ya miƙa wa na gaba, har ya kai kunnen uwar mijinta kafin a hura wutar gobe.