A Haɗu a Sawakin

Da safen ranar ina toya kisra, wainar dawa marar kauri da ake ci a Sudan, Yaya Batula tana ɓarar gyaɗa a bakin ƙofa tana yi mini tsiya, wai kisrata ta yi kauri kamar tabarma. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba. Tun da mijinta ya rasu ta dawo wurina, nawa mijin kuma yana arewa wajen haƙar zinariya, an daɗe ba labari. Ita ta raini 'ya'yana biyu, Amna da Safiya, har sun fi jin maganarta a kan tawa. Ƙauyenmu yana kusa da Hajj Abdalla, a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Dawa ta fara nuna a lokacin.

Akwai wata doka da muka tashi da ita a gidanmu. Kakanninmu da ƙafa suka taho daga ƙasar Sakkwato. Makka suka nufa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma a Jazira, tsayuwar da ta kai har kanmu. A ayarinsu in mutum ya ɓace ba a komawa nemansa. Kowa ya ci gaba gabas, a haɗu a Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa. Kakarmu ba ta taɓa ganin garin ba, amma ko kasuwa za ta kai mu sai ta ce in mun ɓace a haɗu a Sawakin. Yaya dariya take yi mata. Ni ce mai ɗaukar maganar da gaske.

Da hantsi muka ji baburan 'yan bindiga. Suna da yawa, kuma ba su rage gudu a bakin gari ba. Sai harbi, daga wajen masallaci. Kaji suka watse. Wani daga cikinsu ya doki ƙofar maƙwabcinmu da ƙafa yana ihu da Larabci a fito waje: "Barra! Barra!" Maƙwabcin ya fito ya tsaya gaban taraktarsa. Na ji ƙara biyu, sannan na ji muryar matarsa.

Yaya ta goya Safiya, na ja hannun Amna, muka fita ta bayan gida muka faɗa cikin dawa. Kisra tana kan wuta na bar ta. Gada ɗaya ce a kan tur'a, 'yar siririya, kuma duk ƙauyen can ya nufa. Ana ture juna, tsofaffi suna faɗuwa. Muna tsakiyarta harbi ya matso. Yaya ta kwance Safiya ta miƙo mini ita ta saman kawunan mutane.

"Hawwa, wuce! Ina bayanki!"

Na wuce. Da na waiwaya a ɗaya gefen, ban gan ta ba.

Mun kwanta cikin dawa har azahar, hayaƙi yana tashi daga rumbunanmu. Duk wadda ta gifta na tambaye ta, ba wadda ta ga Yaya. Mutane suka fara gangarawa bakin kogi, na bi su. Mai jirgin fito yana ihu a shiga, ba shi da tabbacin dawowa. Na tsaya ƙafa ɗaya a ruwa. Tsoro ne ya fara tura ni, gaskiyar ke nan, dokar Kaka daga baya ta zo ta tallafa mini. Na ce wa yaran Yaya ta san inda za ta same mu, muka shiga.

Daga ƙetare muka yi ta tafiya a ƙasa, ƙafar Amna ta fashe. Wata motar albasa ta kai mu Gadarif. Mutanen ƙauyenmu can suka sauka, a makarantu, don su kasance kusa da gida. Ni na wuce. Kassala, sai fili mara iyaka, sai duwatsu, mota tana nishi tana hawa. Da muka gangaro wata iska mai ɗanɗanon gishiri ta buge mu, Safiya ta nuna gaba ta ce sama ta faɗo ƙasa.

Sawakin ba ta kai girman da Kaka ta ba ta ba. Teku ne ya kutso cikin ƙasa ta wata siririyar kafa, ya kewaye tsohon garin, sai 'yar hanya guda ta riƙe shi da tudu. Gidajen can da dutsen teku aka gina su, fari mai huda-huda, wasu tun zamanin Turkawa, har hawa uku. Da manyan jirage suka koma Bur Sudan masu gidajen suka bi su, gishiri ya cinye ginin. Yanzu kyanwoyi ne a ciki. Mutane suna zaune a tudu, masunta da 'yan ƙabilar Hadandawa masu shan gahawa da citta, ruwan sha kuma sai an saya a keken jaki. Jirgin Jidda dai har yau yana tashi.

A tashar mota ina yi wa Amna faɗa da Hausa, wata tsohuwa mai shayi ta ajiye buta ta ce, "Ke ɗiyar wa?" Hajja Maryama ke nan. Nata kakannin sun iso har nan, kuɗin jirgi ya gagara, suka zauna jira har suka zama 'yan gari. Na gaya mata dokarmu. Ta ce su ma sun san ta, kakarta ta mutu tana duba fuskar duk baƙon da ya sauka. Ta ba mu ɗaki, ina wanke mata kofuna.

Kullum da la'asar, lokacin da motocin Kassala ke isowa, ni da yaran muna tasha. Ba ƙarya, garin ya karɓe mu. Yaran suka yi kumatu, suka koyi tsintar ƙwanso a bakin ruwa. Ranar da na fara cin soyayyen kifi har na lashe yatsa, na koma bayan rumfa na yi kuka, don ya yi mini daɗi kuma ban tuna da kowa ba sai da na gama.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, sannan Kaltume ta sauka. 'Yar unguwarmu ce a can ƙauye, za ta Jidda wurin ɗanta. Na zuba mata shayi, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

Ta ce Yaya ruwa ta faɗa daga gadar, ya ja ta ƙasa, ta kama ciyawa ta fita. Da la'asar ta iso bakin kogi, jirginmu ya riga ya tafi. Mai jirgin ya dawo, kuma ya yi ta dawowa kwana da kwanaki. Duk zuwansa sai an roƙe ta ta shiga. Kaltume da kanta ta tuna mata maganar Sawakin. Yaya ta ce wannan tatsuniyar Kaka ce, Hawwa ba ta ƙetarewa ba tare da ita ba, tana nan cikin dawa da yara, za ta fito. Da safe ta shiga gonaki tana kiran sunana, da yamma ta dawo gindin bishiya ta zauna tana kallon hanya. Ruwan kogi suke sha. Amai da gudawa ya shigo cikin masu jira.

Kaltume ta lissafa mini waɗanda aka binne a gaɓar, ɗaya bayan ɗaya, da sunayen iyayensu. Duk na san su. Yaya ce ta biyar.

Ban gaya wa yaran ba tukuna. Jiya da la'asar Safiya ta ja hannuna wai motoci sun kusa isowa. Na ɗauki mayafina na bi ta.