Waken da Babu Shi a Duniya

"Tsoho, duba, wannan taurari biyar gare shi!" in ji jikata Hafsatu, tana miƙo mini waya.

Karatun noma za ta fara ta intanet, kuma dole ta zaɓi malami ɗaya cikin biyu. Abin da aka koya mata kuwa, a gonata ta Gezawa za ta gwada shi.

Na ce, "Amarya, ni a sama na san taurari. Tambaye su yadda ake shuka wake ɗan-Ladi."

"Kai tsoho! Sunan kakata ka laƙaba wa wake?"

Babu wannan waken a duniya, ni na ƙirƙire shi.

Ta tambaye su. Mai taurari biyar ya zubo bayani, har da takin da za a sa masa. Malama mai taurari uku kuwa ta rubuto: "Ban san wannan iri ba. Ko za a koya mini?"

Wallahi sai da na miƙe tsaye don murna! Haka malaminmu na yaƙi da jahilci yake amsawa in abu ya shige masa duhu.

Hafsatu ta yi rajista wurin malamar, ni kuma na yanka mata gefen gona.

Jama'a, ku da me kuke gwada malamin da ba ku taɓa gani ba?