Farin Ƙyallen Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, da hantsi, ruwa ya ci Kawu Mai Fatsa, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama har ya aurar da ni. Ina zaune bakin taga mai kallon kogi da littafi a cinya abin ya faru. Tun ranar ban sake buɗe tagar ba, balle littafin.

Kawu, kai ba ka yi boko ba, amma duk ranar da kifi ya yi kyau sai ka dawo mini da ɗan littafin soyayya a aljihu. Kakan zaunar da ni a kwale-kwale ka ce, “Karanta mini, 'yar gidana, amma a hankali, kada kifi ya ji ƙarshen labarin ya tafi.”

Da jiragen inji suka shigo kogin nan suna tsinka wa mutane zare, masu fatsa sun so a yi rigima. Kai ka hana. Ka ce a bar wa jirage tsakiyar ruwa, ku kuma duk inda kuka zauna ku ɗaura farin ƙyalle a kan gora, direban da ya gani ya rage wuta har ya wuce. Duk wanda ya rage wuta, sai ka ɗaga masa hula. A nan ka lura da mijina, shi ma direban jirgi ne. Ka ce, “Yaron nan yana rage wuta ko ba mai kallonsa. Zan iya ba shi 'ya.”

Ranar Talatar nan Auta, ƙanin mijina, shi ya ɗauki jirgin yayansa. Ƙyallenka na nan a ɗaure, iska na kaɗa shi. Bai rage wuta ba. Ruwa ya taso ya kife kwale-kwalen, zaren fatsa ya naɗe maka ƙafa. Da idona na gani.

Yanzu ana cewa wai tsufa ne ya sa ka manta ba ka ɗaura ba. Uwar mijina ta ce kwana ne ya ƙare. Mijina ya zauna bakin gado, bai iya kallona ba, ya ce, “Don Allah ki bar maganar nan a ɗakin nan. In masu fatsa suka ji, ba jirgin da zai sake wucewa lafiya.” Ni nake zuba wa Auta abinci, kwanon ya dawo bai taɓa ba. In na je wurin zaman makoki, matarka ta riƙe hannuna ta ce, “Anya zai manta?” Sai in sunkuyar da kai. A littattafan da ka sayo mini, mace ba ta rasa ƙofar fita. Ni daga ɗaki sai kicin, sai taga mai kallon inda ka nutse.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna matarka, da mahaifiyata, da 'ya'yanka, da abokan zamanka na bakin ruwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya yafe wa Auta.

Ranar Asabar direbobi da masu fatsa za su zauna a kan maganar. Na gaya wa mijina zan je, kuma zan faɗa musu ƙyallen yana ɗaure.