Fifitar Da Muka Yi Wa Inna

A lokacin ina ɗinki a gidana da ke Kambarawa, kuma duk danginmu sun san ni da baki. Ba a taka ni in yi shiru. Da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zame a banɗaki ta karya ƙashin kwatangwalo, ni na dage sai asibiti, na kori zancen mai ɗori.

Bazara ce, irin wadda ko bango ka dafa sai ya ƙone ka. Bayan tiyata aka turo Inna lulluɓe da bargo, haƙoranta na haɗuwa. Wata nas ta ja ni gefe ta ce ɗakin tiyata sanyi gare shi, allurar barci ma tana sauke zafin jiki, tsoho kuma ba ya maido da ɗuminsa da wuri. Ta ce kada a yaye bargon, domin sanyin yana ƙara zubar jini, yana jinkirta warkewar ciwo, yana wahalar da zuciya. Na ce na ji, ta wuce wajen wasu majinyata.

Sai ga Hajiya Babba, yayar Inna, ta iso daga Ƙofar Sauri da ayarin 'yan dubiya. Tana ganin bargo ta yi salati, ta tambaya ko dafa mata ƙanwa za mu yi. Ta ce rawar jikin nan zazzaɓi ne, ta yaye bargon, ta jiƙa tsumma tana goga wa Inna. A wurinmu kuwa fifita ita ce kula da mara lafiya, don haka duk wadda ta shigo sai ta karɓi mafici don ta samu lada. Ni mai bakin nan, na tsaya ƙerere. Matar da ta goya uwata, ta yaya zan ce mata ba haka ba a gaban mutane? Da nas ta dawo ta auna jikin Inna, fuskarta ta canza, ta kore mu duka waje.

Inna ba ta sake komawa daidai ba. Ta riƙa rikicewa tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, ɗinkin da aka yi mata ya ɗuri ruwa, kafin damina ta kankama Allah Ya karɓi abarSa. Likita ya ce ba zai ɗora wa sanyin kaɗai ba, akwai shekaru, akwai hawan jini. Na san kwana ne ya ƙare, amma zuciyata ta ƙi sakin zancen. Hajiya Babba har gobe tana cewa ta yi wa ƙanwarta hidima, ni kuma ban taɓa gaya mata abin da nas ta ce ba.

Don Allah, duk wanda aka yi wa tsohonsa aiki, ya bar shi a lulluɓe ko da garin na tafasa, ya tambayi ma'aikata kafin ya taɓa komai. Ana iya faɗa wa babba gaskiya cikin ladabi. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ana cikin fifitar nan Inna ta dube ni, ta ce a hankali ɗari take ji. Ni kaɗai na ji ta, kuma abin da na ce mata kawai shi ne sannu.