Jakar da Na Zazzage a Teburin Nas

'Yata ce take karanta mini wasiƙu, domin sai da na haura shekara arba'in na shiga ajin koyon karatu na manya a unguwar Abbey Wood ta London. Ranar da makarantarsu ta aiko da wata takarda, yarinyar ta duba, ta ninke, ta ce da Turanci, "Ba komai ba ne, Baba." Daga ranar ta soma gudun abinci. Sai ta juya cokali a kwano, ta ce ta ƙoshi. Shekararta goma.

Na tafi da takardar aji. Malamarmu ta ce za ta karanta mini, na ce a'a, ta dai tsaya kusa. Na bi da yatsa, kalma bayan kalma. An auna yara, 'yata ta yi ƙiba fiye da kima, ana ba iyaye shawara su lura da yawan abin da take ci.

Yawa? Ni da uwarta mun sha wuni da ruwan shayi don ta ci. Kuma ni ne mai tura hotonta Kano, yayata tana cewa, "Tubarkalla, London ta karɓi 'yar nan, dubi kumatu!" Ina ta jin daɗi. A wurinmu kumatun yaro shaida ce ubansa yana ƙoƙari.

Amma na san me ya yi kumatun. Jakar da ake ba mu a wurin rabon abinci ce: biskit, taliya, farin burodi, lemon kwalba. Ranar da nake shara a Stratford, uwarta kuma tana wurin aiki, sai soyayyen dankali na kanti, don ya fi kifi da alayyafo araha.

Na ɗauki jakar yadda take, na je wurin nas ɗin makaranta. Ta fara zana mini faranti a takarda, wai rabinsa ya zama ganye. Na bari ta gama. Sannan na zazzage jakar a teburinta.

Na ce, "Ga abincinmu na mako. Nuna mini rabin ganyen."

Ta ajiye alƙalaminta.

Na ce, "'Yata ba kwaɗayayya ba ce, ni kuma ba sakarai ba ne. A kira ta, ki faɗa mata ba laifinta ba ne. Ta ga maganar a rubuce, ba za ta yarda da bakina ba."

Aka kira ta. Nas ɗin ta faɗa, kuma ta faɗa da kyau.

Da ranar rabo ta zagayo, na mayar da biskit, na miƙa takardar da na rubuta da hannuna: wake, shinkafa, albasa, kabeji. Mai rabon ya ce, "Yau kuma oda ake bayarwa?" Na ce, "Oda ce." Ya yi dariya, ya lalubo wake.

Na dafa waken da manja na ajiye wa 'yata. Ta ɗanɗana, ta ce da Hausarta mai karkata, "Baba, gishiri ya yi yawa." Ta jawo kwanon gabanta.