Turancin Kamus, Shafi Ɗaya Tak

A danginmu kaf, daga mai haƙora talatin da biyu har wanda babu ko ɗaya, ba wanda bai san Kamus ba. Ɗan kawunmu ne, mai gyaran fanka a wani ɗan shago da in ka shiga sai ka fito da baya, don ba wurin juyawa. Aji huɗu ya yi a makaranta, na huɗun ma rabinsa a bayan taga ya yi shi. Amma Turanci? Sai dai a yi shiru.

Asalin abin, wata rana ya sayo boris, ƙarfen nan da ke sa fanka juyawa sumul, aka naɗe masa a takarda. Da ya warware sai ya ga shafi ne da aka yago daga ƙamus, duk maiƙo. Wani malami da ya kawo gyara ya karanta masa, ya fassara, shi kuwa ya haddace kamar za a tambaye shi a kabari. Kalma ɗaya ce ta cinye shafin: break down.

Daga ranar duniya ta shiga uku. Ka kawo fanka ta ƙi juyawa, sai ya cire tabarau ya ce, "Wannan ta yi break down. Ka san kalmar nan fuska huɗu gare ta? Inji ya tsaya, ita ce. Mutum ya fashe da kuka, ita ce. Sulhu ya watse, ita ce. A warware maka bayani dalla-dalla, ita ce dai. In kuwa ka manne break da down wuri ɗaya, ta tashi daga aiki ta koma suna." Kai da ka zo da gumi, sai ka tafi da ilimi, fankar kuma sai jibi. Shekara goma sha biyar yana wannan wa'azi, har akuyar maƙwabta ta iya fuska ta uku.

Shi kaɗai ya san cewa bayan shafin nan, gaba duhu, baya duhu. In ya ji ana Turanci na gaske a rediyo, a hankali yake miƙa hannu ya murɗa tasha.

Ranar da asiri ya tonu, Inna ce, mahaifiyarsa, jiri ya dame ta, ya raka ta asibiti. Likitar baƙuwa ce, ba ta jin Hausa ko ta sannu. Wata nas mai faɗin fuska ta jawo kujera za ta yi tafinta, sai Inna ta ɗaga hannu.

"'Yar nan, je ki huta. Ɗana ne wannan. Turanci a bakinsa kamar ruwan famfo."

Nas ta dube shi, ta ce, "To, madalla," ta fita. Kamus ya ji kamar ya bi ta da gudu ya riƙe mata ƙafa.

Likita ta buɗe baki. Wallahi ko numfashi ba ta yi. Kamus ya kasa kunne yana jiran kalmarsa ta wuce ya cafke, kamar mai jiran mota a hanyar da ba a bi. Ba ta wuce ba. Duk inda muryarta ta ɗaga, sai ya ce "yes". Ta rubuta. Ta sake ɗagawa, ya ce "yes". Ta dubi Inna da mamaki, ta rubuta. Can Inna ta kwance bakin zane ta fito da ƙwayar da ta saba sha kullum da hantsi. Likita ta karɓa, ta juya kwalin, ta ƙwanƙwasa shi da biro, ta yi magana mai tsawo fuska a murtuke. Kamus ya ce "yes" har biyu, gumi na bin bayansa.

Suka karɓi sabon magani, suka fito bakin titi jiran mota. Inna ta zauna a benci, ta dubi rana.

"Lokacin ƙwayata ya yi. Miƙo min ruwan nan." Ta ɓallo tsohuwar ƙwayar a tafin hannu. "Af, me ta ce a kan wannan? Na ga tana ta dukan kwalin."

Kamus ya buɗe baki. Ƙarya na nan a kan harshe, shiryayya: ta ce ki ci gaba. Amma ya dubi hannun, da ƙwayar fara ƙal a tsakiya. Ci gaba ta ce ko daina? Bai sani ba. Ya kama wuyan hannunta.

"Inna, dakata."

"Lafiya?"

"Ban ji ba."

"Ba ka ji wanne ba?"

"Duka, Inna." Muryarsa ta koma kamar ta sauro. "Tun daga sallama."

Inna ta dube shi sama da ƙasa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta mayar da ƙwayar, ta miƙe, ta kama hanyar komawa ciki, yana biye da ita kamar wanda ruwa ya ci kasuwarsa.

A gaban layin marasa lafiya, mutum ya fi arba'in, ya tsaya gaban nas.

"Baiwar Allah, a taimaka a sake mana bayani."

"A'a! Famfon ne ya ƙafe?"

"Dama ba a taɓa jawo ruwan ba," in ji Kamus, idonsa a kan takalminsa.

Nas ta shiga da su, ta yi magana da likita, ta juyo da fuskar da babu wasa. "Iya, tsohon maganin nan shi ke sa ki jiri. Cewa ta yi ki daina yau, kuma kada ki kuskura ki haɗa shi da sabon." Kamus ya dafa bango.

Nas ta ci gaba da duba katin da likita ta rubuta, sai ta gyara tsayuwa. "Iya, kina shan taba?"

"Taba? Ni?"

"Haka aka rubuta. An tambayi ɗanki, ya ce e. An ce kullum? Ya ce e."

Inna ta dafe ƙirji ta yi salati har likita ta zabura. Aka soke, aka sake tambayoyin daga farko, ɗaya bayan ɗaya, Kamus na tsaye a lungu riƙe da jaka, ba wanda ya ƙara duban inda yake.

Inna ta shiga mota, ya bi ta. Sai da suka sauka, suka kusa ƙofar gida, ta tsaya ba tare da ta juyo ba.

"Wata mai zuwa aka ce mu dawo. Kai za ka raka ni."

"Ni, Inna?"

"Kai. Ka riƙe jaka, ka riƙe bakinka."